Gilashin ƙara girma na waya: wata bakwai ina gwada shi a kan fikafikan faɗa-wuta

Ɗigo ɗaya ne ya sa na sayi gilashin nan. Baƙin ɗigo, zagayayye, a tsakiyar fiffiken baya na wani ƙaton faɗa-wuta da na tarar wani dare ya kafa baki a jikin ayabar da na rataya masa tarko. Ina haska shi da tocila idanunsa suka yi jajir kamar garwashi, ya buɗe fikafikai na ɗan ƙiftawar ido, na ga ruwan lemo mai haske da wannan ɗigon, sai ya rufe ya koma tamkar busasshen ganye. Hoto goma sha ɗaya na ɗauka da wayata a daren, babu ko ɗaya da zan iya nuna wa masani. Da gari ya waye na ƙudurta cewa sai na nemi abin da zai kusanto mini da fiffike.

Shekara huɗu ke nan ina rubuta faɗa-wutan da ke zuwa wurin fitilata a wani littafi mai baƙin bango: kwanan wata, lokaci, faɗin fiffike, launi, da sunan da nake zato. Ba masani ba ne ni, mai sha'awa ne da ya ɗauki abin da muhimmanci. Don haka duk abin da zan faɗa a kan gilashin, ta wannan fuskar nake faɗarsa. Mai son ɗaukar hoton furanni ko zobe ko rubutun da ke jikin kuɗi, wataƙila hukuncinsa ya sha bamban da nawa.

Abin da ke cikin kwalin ba shi da yawa. Gilashi ɗaya mai faɗin bakin ƙaramin kofi, an rubuta 15x a gefensa, wato yana ƙara girman abu sau goma sha biyar. Matsi na roba mai sifirin da ke kama bayan waya. Zoben fitila mai ƙananan ƙwayaye da ke kewaye gilashin, yana da hawa uku na haske, ana cajinsa da wayar USB. Sai murfi biyu da ɗan ƙyallen gogewa. Gilashin kansa na gaske ne, ba roba ba, yana da ɗan nauyi a hannu, kuma har yau bai yi ko ƙwarzane ɗaya ba duk da cewa ya faɗi ƙasa sau biyu. A nan kam ba ni da ƙorafi.

Matsin ne ya fara ba ni wahala. Dole sai na cire rigar wayar kafin ya zauna, in kuwa ya kauce daga tsakiyar idon kyamara da faɗin tsinke, sai baƙar inuwa ta cinye kusurwar hoton. Ga wata matsala da takardar cikin kwalin ba ta ambata ba ko kaɗan. Wayata mai ido uku ce, kuma da zarar na matsa kusa da abu sai ta sauya ido da kanta, ta koma kan wanda matsin ya rufe, allo ya yi duhu ɗif. Na yi kwana biyu ina zaton gilashin ne ya lalace, kafin na gano inda ake kashe wannan sauyin a saitin kyamara. Duk mai waya irin wannan, ya fara da nan.

Daren da komai ya daidaita ba zan manta da shi ba. Wani ɗan faɗa-wuta ne mai ruwan ƙasa, irin wanda mutum zai kaɗe daga rigarsa bai ko duba ba, ya sauka a kan farin zanen da nake shimfiɗawa a bayan fitila. Na kai gilashin har tazarar ta rage kamar faɗin yatsu biyu. Da farko hazo ne kawai. Na ƙara matsawa kaɗan, na riƙe numfashi, sai fiffiken ya fito tar. Abin da nake kira ruwan ƙasa ashe ba launi ɗaya ba ne. Ƙananan ɓawo ne dubbai, a jere sahu-sahu, kowanne ya hau kan na bayansa, bakin kowanne da 'yan haƙora uku ko huɗu. Wani fari, wani baƙi, wani ja-ja, wani kamar an tsoma bakinsa kaɗai a tawada. A bakin fiffiken kuma sai suka yi tsawo suka zama geza. Autata tana riƙe da tocila a gefena, na miƙa mata wayar. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Baba, to wannan shi ne garin da ke manne mana a yatsa?" Na ce shi ne. Tun daga ranar ba ta ƙara kama faɗa-wuta da hannu ba, kuma ban hana ta da baki ba.

Wannan ɓawon shi ne asalin sunan rukunin gaba ɗaya. Lepidoptera daga Girkanci ne, kalmar ɓawo haɗe da kalmar fiffike, kuma a cikinsa malam-buɗe-littafi da faɗa-wuta suke tare. An yi wa kusan nau'i 160,000 suna a rukunin, kuma kashi tara cikin goma faɗa-wuta ne, mu dai na rana muke gani shi ya sa muke zaton su ne masu yawa. Duk ratsi da tabon da ake dogara da shi wajen gane nau'i, ba fenti ba ne a kan fata, jerin ɓawo ne masu launi daban-daban. Shi ya sa tsohon faɗa-wuta da ya sha gwagwarmaya da ganye da yanar gizo-gizo yake zuwa da fiffike a koɗe, alamominsa sun goge, ya gagari ganewa. Ɓawon ma ba ado kaɗai yake yi ba. Masu bincike a Jami'ar Bristol ta Ingila sun nuna a 2018 cewa ɓawon wani babban faɗa-wuta na Afirka, Bunaea alcinoe, yana shanye wani ɓangare na siririn sautin da jemage ke aikawa don gano abin farauta. Sanin wannan daban, ganin ɓawon da idonka daban, kuma gilashin ya ba ni na biyun.

To amma mai ɗigon nan da ya sa na saye shi fa? A nan ne na fara gane iyakarsa.

Ya dawo bayan mako uku, a kan wata ayabar. Irinsa bai cika zuwa wurin fitila ba, ƙamshin 'ya'yan itace da suka nuna ne ke jawo shi. Na kifa masa kwalba mai faɗin baki, na shiga da shi ciki. Da na kai gilashin sai na ga abin da yake iya ɗauka bai wuce faɗin santimita 2 ba, alhali wannan bawan Allah da na auna shi daga baya a hoto, kusa da rula, ya kai santimita 8 daga bakin fiffike zuwa bakin fiffike. Sai dai in ɗauki kafaɗa, ko tsakiya, ko gefe, ba dai duka ba. Kuma alamar da ta fi kowace muhimmanci tana kan fiffiken baya, wanda yake ɓoyewa ƙarƙashin na gaba duk lokacin da ya natsu. Abin da ya warware mini matsalar ba gilashin ba ne. Cire shi na yi, na kunna bidiyo, na ɗan girgiza kwalbar har ya kaɗa fikafikai, sannan na bi bidiyon a hankali na tsayar da shi daidai inda ya buɗe. Ga shi nan ƙarara: fiffiken baya ruwan lemo, baƙin ratsi ya bi bakinsa da 'yan fararen ɗige-ɗige a geza, sai ɗigo ɗaya zagayayye a tsakiya. Na ɗora a iNaturalist, dandalin intanet da ake sa hotunan halittu don a taya mutum gane su, masu sa kai biyu suka tabbatar da abin da nake zato, Eudocima materna.

Siffar ɗigon ita ce hujja. Ɗan'uwansa da ya fi shi suna wurin manoman lambu, Eudocima phalonia, shi ma fiffikensa na baya ruwan lemo ne da baƙin baki, amma tabonsa babba ne a lanƙwashe kamar jinjirin wata. Ɗigo ko lanƙwasa, da wannan kaɗai ake raba su ko daga nesa.

Tarihin sunansa ya daɗe yana ɗaukar hankalina, domin yana nuna cewa rabe-raben nan ba a kan dutse aka sassaƙa su ba. Linnaeus, masanin rabe-raben halittu, shi ne ya fara yi masa suna a 1758, a lokacin da ya tattara galibin faɗa-wuta a gida ɗaya mai suna Phalaena. A tsofaffin littattafan aikin gona za ka same shi da sunan Othreis materna, cikin dangin Noctuidae. Yau yana gidan Eudocima, sunan da wani masani mai suna Billberg ya kafa tun 1820. Dangin ma ya sauya: binciken ƙwayoyin halitta da Reza Zahiri da abokan aikinsa suka wallafa a 2011 da 2012 ya tabbatar da sabon tsarin da ya kai shi dangin Erebidae, wanda ke ɗauke da nau'i sama da 24,000, a ƙaramin reshen Calpinae. Har iyakar ƙasarsa an sake shatawa. Da ana ɗauka shi ne dai a Afirka da Indiya da kudu maso gabashin Asiya da Ostareliya har da nahiyar Amurka, sai a 2002 wasu masana biyu, Zilli da Hogenes, suka nuna cewa na Amurka nau'i ne mai zaman kansa, aka mayar masa da tsohon sunansa Eudocima apta. Duka biyun suna da ɗigon. Wanda ya dogara da ɗigon kaɗai bai tambayi a wace nahiya aka ɗauki hoton ba, zai iya yin kuskure da cikakkiyar natsuwa.

Da na san waye shi, sai gilashin ya dawo da amfaninsa, kuma amfani mai yawa. Na sa kwalbar a firji minti biyar, a sashen da ba ya ƙanƙara, ya yi laushi ya daina motsi, na fito da shi na ɗora a kan farar takarda. Fiffiken gaba da ido ke gani kamar busasshen ganye, a ƙarƙashin gilashi toka-toka ne mai sirkin kore, an yayyafa masa siraran ja-jan layuka birjik, gajeru-gajeru, kamar an yi ta zana su da bakin allura. Kusa da tsakiya akwai tabo uku masu duhu a cure wuri ɗaya, sai layi da ya karkato daga wajen ƙarshen fiffike ya gangaro zuwa gefen ciki, wanda shi ne ke yin kamar jijiyar ganye. Akwai kuma ɗan wuri mai ƙyalli kamar azurfa. A jikin mace wannan ƙyallin ya fi faɗi, fararen ratsi sun keta shi, layukan ma sun fi fitowa. Nawa ƙyallinsa kaɗan ne, ba farin ratsi, don haka na rubuta namiji. A shekara huɗu wannan ne karon farko da na cike gurbin jinsi a littafina da hujjar da zan iya nunawa.

Kansa kuwa na fi minti uku a kai. Akwai wasu gaɓoɓi biyu a gaban fuska da suka miƙe sama, ƙarshensu siriri mai ɗan faɗi a baki kamar ƙaramin ludayi. A tsakaninsu tsinken bakinsa yake a naɗe. Galibin faɗa-wuta nasu mai laushi ne, na zuƙar ruwan fure kawai. Na wannan gidan kuwa mai tauri ne, bakinsa da ƙayoyi, da shi suke huda fatar lemo da mangwaro da rumman su sha ruwa, su bar rami da ƙwayoyin cuta za su bi su ruɓar da ɗan itacen. Tsutsarsa ba ruwanta da lambu, ganyen wasu tsirrai masu yaɗo take ci, irin su Tinospora na dangin Menispermaceae. A reshen nan na Calpinae ne kuma ake samun Calyptra, waɗanda mazansu kan huda fatar dabba su sha jini. Na so ƙwarai in ga ƙayoyin, amma a naɗe bakin yake, kuma 15x bai kai can ba. Inuwarsu kawai na hango.

Abin da ya fi komai gajiyarwa shi ne ƙarancin zurfin gani. Wurin da ke fitowa tar bai kai kaurin milimita ɗaya ba. Faɗa-wuta kuwa da yawansu ba sa shimfiɗa fikafikai, jingina su suke yi kamar rufin ɗaki mai gangara biyu, sai ka samu ratsi ɗaya a sarari, sama da ƙasansa duk dishi-dishi. Dabarar ita ce ka karkata wayar har ta yi daidai da gangarar fiffiken, ka dafa gwiwar hannu a kan wani abu, ka sa kyamara ta ƙirga daƙiƙa uku kafin ta ɗauka don kada taɓa allo ya girgiza ta. Ko da haka, a cikin hoto ashirin ina samun uku ko huɗu masu kyau. Wannan ba laifin wannan gilashin ba ne shi kaɗai, haka duk abin da ke ƙara girma yake. Laifinsa na kansa yana gefe-gefe: tsakiyar hoto garau, amma kashi ɗaya cikin huɗu na waje yana narkewa, kuma inda fari ya haɗu da baƙi sai wani siririn shuɗi ko shunayya ya bayyana wanda babu shi a jikin ƙwaron. Ga mai neman launin gaskiya wannan ba ƙaramin abu ba ne. Na koyi sa alamar da nake so a tsakiya, in yanke sauran.

Zoben fitilar kuwa, da an tambaye ni, da an rage masa ƙarfi. Ko a hawa na farko haskensa na dukan ɓawon ya dawo, wurin azurfar nan ya zama farin fili ba komai a ciki. Hasken kuma mai sanyi ne, yana mayar da ruwan ƙasa toka. Na yanko farar takarda mai laushi ninki biyu na manna a kansa, abin ya yi sauƙi. Daga baya ma na daina kunna shi, autata ke haska tocila daga gefe ta bayan takarda, domin hasken gefe ne ke fito da tudun ɓawo da kwarinsa. Batirin zoben bai taɓa kai ni awa ɗaya ba.

Inda gilashin ya fi cin kuɗinsa shi ne ƙananan faɗa-wuta, masu faɗin santimita 2 zuwa ƙasa, waɗanda suke shiga hoto ɗungurungum. Su ne mafi yawa a kan zane, kuma su ne na yi shekara uku ina rubuta musu "ƙarami, ruwan ƙasa". Yanzu ina iya bin alamomin da littattafai ke magana a kansu: tabo mai kama da ƙoda, zagayayyen tabon da ke gabansa, layin da ke kusa da jiki, layin da ke bayan tsakiya, da na kusa da baki. Da shi na raba Spoladea recurvalis, wanda masanin ƙwari Fabricius ya yi wa suna a 1775, daga makusancinsa Hymenia perspectalis. Duka biyun 'yan dangin Crambidae ne masu duhun ruwan ƙasa da farin zane, amma na farkon farin ratsinsa mai faɗi ne, ya ratsa fiffiken gaba ya zarce kan na baya, na biyun kuwa siriri ne a kakkarye. Da na koma tsofaffin shafukan littafina sai na ga tabbas na sha haɗa su a suna ɗaya.

Akwai kuma inda ko gilashin da ya fi wannan sau goma ba zai kai mutum ba, kuma ina ganin wajibi ne mai saye ya san haka. Wani dare wani faɗa-wuta na gidan Utetheisa ya zo, fari tas da ɗige-ɗigen ja da baƙi, kyakkyawa na ƙarshe. Wannan adon gargaɗi ne, domin tsutsarsa na tara guba daga tsirran da take ci, irin su Crotalaria da Heliotropium. Masanin ƙwari Thomas Eisner ya nuna cewa gizo-gizo kan yanke zarensa ya saki Utetheisa ornatrix na Amurka maimakon ya ci shi. Hoton da na samu ya fi kowanne kyau a wayata, ana iya ƙirga ɗigon ɗaya bayan ɗaya. Duk da haka a sunan gida na tsaya. Utetheisa pulchella da lotrix da pulchelloides sun yi kama ƙwarai, ɗige-ɗigen kuma suna bambanta ko a tsakanin 'yan nau'i ɗaya. A irin wannan hali masana kan feɗe ƙarshen cikin ƙwaron su duba gaɓoɓin haihuwa a ƙarƙashin madubin ɗakin bincike, ko su karanta wani guntun DNA, wato rubutun ƙwayoyin halittarsa, mai harafi kusan 650, hanyar da Paul Hebert na Jami'ar Guelph ta Kanada ya gabatar a 2003. Ni ba na kashe su, don haka shafuka da yawa a littafina za su ci gaba da zama da rabin suna, kuma na gwammace haka da in rubuta abin da ban tabbatar ba.

Wanda ya riga ya fara sha'awar ƙwarin dare, yana da haƙurin ɗaukar hoto ashirin don ya sami uku, ina ba shi shawara ya saya. Ya dai fara ɗaukar ƙwaron gaba ɗaya ba tare da gilashin ba, daga sama da kuma daga gefe, da rula a kusa, sannan ya maƙala shi don ƙananan alamomi. Kafin ya biya ya tambayi tazarar da gilashin ke buƙata tsakaninsa da abu. Nawa santimita 3 ne, kuma faɗa-wuta da yawa ba sa jure waya ta matso musu haka, sai su tashi. Akwai masu ba da tazara mafi tsawo ko da girman da suke ƙarawa bai kai wannan ba, kuma da yau zan saya, irinsu zan nema. Ya kuma gwada matsin a kan wayarsa, musamman in idanun kyamarar a kan tudu suke.

Nawa matsin sifirinsa ya fara saki a wata na biyar, yanzu da ɗan zaren roba nake ƙara ɗaure shi. Gilashin dai lafiyarsa ƙalau. Namijin nan na sake shi a daren da na kama shi, ya yi kamar minti biyu yana karkaɗa fikafikai a kan takarda har jikinsa ya ɗumama, sannan ya tashi. Macen ce ban samu ba har yanzu, ina son in ga fararen ratsin nan da idona in ajiye hotonta kusa da nasa, don haka duk daren da babu iska ina rataya ayaba biyu a reshe ɗaya, kwalba da rula a kan kujera kusa da ƙofa.